Daga Biyafara Zuwa Boni: Ranar da Najeriya Ta Sake wa Teku Suna



A farkon shekarar 2025, muna zaune a bakin shago bayan La'asar, sai wani daga cikin samarinmu ya miƙo mana waya yana dariya, wai mu ga abin da shugaban Amurka ya yi. Ranar 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, Donald Trump ya sa hannu a takardar umarni cewa ruwan nan da duniya ta sani da Mashigin Tekun Meksiko, daga ranar sunansa Mashigin Tekun Amurka. Yara suna ta mamaki, yaya mutum zai wayi gari ya raɗa wa teku suna kamar jariri? Sai wani dattijo a cikinmu, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana kai kaya Kudu, ya ce, "Ku daina dariya, ai mun riga su." Kuma gaskiya ya faɗa. Shekara 50 cif kafin wannan, a watan Janairun 1975, gwamnatin Najeriya ta yi irin wannan aiki. Da yawanmu ba mu san labarin ba, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi a wannan fitowa, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki, duk da cewa tsakanin Agwada da bakin teku tafiyar yini guda ce a mota.

Mashigin teku shi ne inda ruwan teku ya kutso cikin ƙasa, gaɓa ta lanƙwasa ta rungume shi. Najeriya tana da irin wannan guda biyu, kuma inda kogin Kwara ya rarrabu ya zube a teku shi ya raba su. Ta yamma, wajen Ikko, Kwatano da Lome, akwai Mashigin Benin. Ta gabas kuma, daga bakin Kwara, a bi ta Boni da Kalaba, a wuce Duwala ta Kamaru, har a dangana da gaɓar Gabon, shi ne ruwan da muke magana a kansa. Ƙasar Ikwatoriyal Gini da tsibirinta na Biyoko suna cikinsa. Ke nan tun daga farko mu riƙe wannan: ruwan ba na Najeriya kaɗai ba ne.

Sunan Biyafara ya girmi Najeriya nesa ba kusa ba. Turawan Fotugal ne suka fara zuwa wannan gaɓa a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a taswirorin Turawa na ƙarnonin da suka biyo baya ake ganin sunan, a rubuce ta hanyoyi dabam-dabam. Da wannan suna aka yi cinikin bayi. Mutum fiye da miliyan 1 aka ɗora a jiragen ruwa daga tashoshin wannan mashigi, musamman Boni da Kalaba, aka haye da su ƙasashen Amurka. Da cinikin bayi ya ja baya, manja ya maye gurbinsa. A 1849 Ingila ta naɗa John Beecroft ƙaramin jakadanta mai kula da mashigin Benin da na Biyafara, yana zaune a tsibirin Fernando Po, wato Biyoko ta yau. Daga wannan ɗan ofishi ne mulkin Ingila a gaɓar ya yi ta faɗaɗa, har aka kai ga haɗe Kudu da Arewa a 1914. Shi kansa sunan Najeriya, wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ita ta ba da shawararsa a 1897. To duk tsawon wannan zamani Biyafara sunan ruwa ne kawai a taswira. Ba ya tayar wa kowa da hankali.

Abin da ya sauya lamarin shi ne fitinar 1966. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna Ahmadu Bello, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Akintola da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Maimalari. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa, aka kashe Janar Ironsi, Yakubu Gowon ya hau. A cikin wannan shekara an kashe dubban 'yan kabilar Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka kwashe kayansu suka koma gida. 'Yan Arewa da ke zaune a Gabas su ma an taɓa su, suka baro zango-zangonsu suka dawo. Iyayenmu fatake sun ba mu labarin waɗanda suka dawo ba ko tabarma. Wannan duk ya faru, kuma ɓoye wani ɓangare a faɗi wani ba tarihi ba ne.

An yi zaman sulhu a Aburi ta Ghana a Janairun 1967, bai haifar da ɗa mai ido ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12. A nan ne mu muka faɗa Jihar Binuwai-Filato, Jihar Gabas kuma aka yi mata gida uku, aka fitar da Jihar Ribas da Jihar Kudu Maso Gabas, waɗanda su ke riƙe da gaɓar teku da mafi yawan man fetur. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewa, ya ce sunan sabuwar ƙasarsa Jamhuriyar Biyafara.

A lura da hikimar zaɓen sunan. Tsohuwar Jihar Gabas ba Ibo kaɗai ne a cikinta ba, akwai Ijo, Ibibiyo, Efik, Ogoni da sauransu. Da an kira ƙasar da sunan Ibo, an kore su tun daga bakin ƙofa. Sunan teku kuwa ba na wata kabila ba ne, sannan yana nuna cewa ƙasar ta kai har gaɓa, da tashoshin jiragen ruwa da rijiyoyin mai. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, kuma wannan linzamin wajen ruwa ya nufa.

Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967. Kafin watan ya ƙare sojojin tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle sun shigo ta ruwa sun kama tsibirin Boni, inda tashar lodin ɗanyen mai take. A Oktoba Kalaba ta faɗi, a Mayun 1968 Fatakwal ta bi. Daga nan ƙasar da ta ɗauki sunan teku ta wayi gari ba ta da ko taku ɗaya a bakin teku. Aka toshe hanyoyin abinci, yunwa ta shiga, hotunan yara masu kumburarren ciki suka zagaya duniya. Ƙasashe biyar ne suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Ojukwu ya fice zuwa Kwaddibuwa a Janairun 1970, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Ikko ranar 15 ga watan. Masu tarihi da yawa suna ƙiyasta waɗanda suka mutu da miliyan 1 ko fiye, akasarinsu ba harsashi ya kashe su ba, yunwa ce da cuta. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan.

Gowon ya yi shelar cewa ba wanda ya ci yaƙi, ba wanda aka ci, ya kuma yi alkawarin sulhu da sake gina abin da ya rushe. Amma suna yana nan a taswira. Duk ɗan makarantar da ya buɗe littafin labarin ƙasa zai ga Biyafara a rubuce ƙarƙashin Najeriya, a kan shuɗin ruwa. Duk jirgin da zai ɗauki mai, da wannan suna yake neman hanya. Saboda haka a Janairun 1975 gwamnatin soja ta fitar da doka ta ce daga yanzu sunan ruwan Mashigin Boni, kuma haka za a riƙa rubutawa a taswirori da takardun hukuma. Bayan wata shida, ranar 29 ga Yuli, aka kifar da Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, amma dokar ta zauna, har yau tana cikin kundin dokokin ƙasa.

Me ya sa Boni? Tsohuwar masarauta ce a Jihar Ribas, ta yi suna tun zamanin bayi da manja. Daga cikinta ne Jaja ya fita ya kafa garin Opobo. Tana cikin wuraren farko da sojojin tarayya suka kama, kuma da sunanta duniya ta san ɗanyen man Najeriya. Ke nan an cire sunan da 'yan aware suka ɗauka, an sa na garin da arzikin tarayya yake fita ta cikinsa. Wani abin lura, shi ma Boni ba haka masu garin suke kiran kansu ba. Su Ibani ne, bakin Bature ne ya lanƙwasa shi ya koma Boni, kamar yadda bakinmu ya lanƙwasa Port Harcourt ta koma Fatakwal, Onitsha ta koma Anacha.

A wannan shekara ta 1975 ɗin dai, maƙwabtanmu na yamma suka yi akasin abin da muka yi. Ranar 30 ga Nuwamba, Mathieu Kerekou ya sauya sunan ƙasarsa daga Dahomey zuwa Benin. Dahomey sunan masarautar kabilar Fon ce ta kudu, mutanen arewacin ƙasar ba sa ganin kansu a ciki, sai ya ɗauko sunan mashigin da ƙasar take kallo, wanda ba na kowa ba ne a cikinsu. Kun ga a shekara guda, a gaɓa guda, wata ƙasa ta ciro suna daga teku domin ta haɗa kan jama'arta, wata kuma ta goge suna daga teku da wannan niyya ɗin.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba.

Na farko, sunan bai kama duniya gaba ɗaya ba. Dokar Najeriya iyakarta Najeriya. Ba ta hau kan Kamaru ko Gabon ba, kuma har gobe akwai taswirori da littattafan tarihi da suke rubuta tsohon sunan, wasu kuma su rubuta biyun. Haka abin yake a ko'ina. Waɗanda suke zuwa Dubai sarin kaya sun san ruwan da Iran take kira Tekun Fasha, Larabawa suke kira Tekun Larabawa, an shekara fiye da 60 ana jayayya a kai. Koriya da Japan suna da tasu. A 2012 Filifin ta raɗa wa ɓangaren ruwan da take jayayya da Sin a kansa nata sunan. Na Trump kuwa, kamfanin Google ya raba gardama da dabarar 'yan kasuwa: wanda ya buɗe taswira a Amurka ya ga sabon suna, na Meksiko ya ga tsoho, mu sauran duniya mu ga duka biyun.

Na biyu, suna ba ya ba da mallaka. Yankin Bakasi yana cikin wannan mashigi da muka sa wa sunan garinmu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci cewa na Kamaru ne, bisa tsofaffin yarjejeniyoyin Ingila da Jamus. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a 2006, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta 2008. Ba wanda ya tambayi sunan ruwan a kotu. Takarda da shaida aka duba, kamar dai rikicin gona a gaban alƙali.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, goge suna daga taswira bai goge shi daga zukata ba. Bayan yaƙi, wanda ya yi ajiya a banki da kuɗin Biyafara fam 20 aka ba shi, komai yawan abin da ya ajiye. Gidajen Ibo da yawa a Fatakwal an ce dukiyar da aka yasar ce, ba su koma hannun masu su ba. Irin wannan shi uba yake faɗa wa ɗansa da dare, kuma ba dokar da take shiga ɗaki ta hana. Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982, amma a 1999 ƙungiyar MASSOB ta Ralph Uwazuruike ta taso da sunan, daga baya IPOB ta Nnamdi Kanu ta biyo, gwamnati ta haramta ta a 2017. Mafi yawan masu ɗaga tutar yau ba a haife su ba lokacin yaƙin. Daga 2021 aka fara tilasta zaman gida ranar Litinin a jihohin Ibo, kuma duk ɗan kasuwar da yake loda doya, albasa ko shanu zuwa Anacha da Aba ya san asarar da wannan ta jawo, ga direbobinmu da aka rasa a hanya, ga su kansu mutanen yankin da kasuwanninsu suke rufe. Tafin hannu ba ya rufe rana.

Domin a ga bambanci, mu dawo kusa da gida. Duk wanda ya bi hanyar Keffi ta Masaka da Mararraba ya shiga Abuja, yana shiga garin da aro sunansa aka yi. Asalin Abuja gari ne da Abu Ja, daga gidan sarautar Zazzau ta Haɓe, ya kafa a 1828, bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a Fabrairun 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Yau ba wanda yake kuskuren kiran Suleja da Abuja. Sabon sunan ya zauna domin ya fito daga gidan masu garin, ba a sa shi don a binne wani ciwo ba. Haka Jihar Nasarawa da aka cire mu daga Filato aka ba mu ranar 1 ga Oktoba 1996, tsohon sunan lardi ne da kunnen kowa ya saba da shi, bai sha wahalar shiga baki ba.

A Islamiyya ma mun karanta irin wannan. Garin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira zuwa gare shi, Yasriba ake ce masa, ya koma Madina. Amma ba a tsaya ga suna ba. An sasanta Ausu da Khazraju da suka daɗe suna yaƙi, an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi Muhajirai da masu gari Ansaru, an rubuta yarjejeniyar zama tare da Yahudawan garin. Aiki ne ya riƙe sunan.

Yanzu ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu Hausawa fatake, ba mu da doka ba mu da taswira, amma ba wanda ya kai mu raɗa wa mutane suna. Duk inda ayari ya sauka, sai mun sa wa gari da mutanensa sunan da bakinmu ya iya, Turawa kuma da suka zo, daga bakin tafintocinmu suka kwasa suka rubuta. Wani lokaci mun kyauta: har yau muna cewa Ikko, wanda ya fi kusa da Eko na masu gari a kan Legas ta Fotugal. Wani lokaci kuma ba mu kyauta ba. Waɗanda muke ce wa Gwari, Gbagyi suke kiran kansu. Afo suna cewa Eloyi, Yeskwa suna cewa Nyankpa, Jaba suna cewa Ham, Kaje suna cewa Bajju, Katab suna cewa Atyap, Angas suna cewa Ngas. Tibi sun tsani a ce musu Munci. Ibo ba sa son Inyamuri, wanda aka ce daga maganarsu ta roƙon ruwan sha aka ciro shi. Mu a wajenmu sabo ne kawai, ba da wata manufa ba. A wajensu kuwa tuni ne na zamanin da wani yake faɗa musu ko su wane ne, a wasu wuraren ma zamanin harin bayi.

Kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. Mu da muke da shekaru mun tuna Zangon Katab a 1992, inda gardamar sauya wa kasuwa wuri tsakanin Hausawan zango da Atyap ta zama zubar da jini a Fabrairu da Mayu, har wutar ta kai Kaduna. Ba suna ne ya haddasa ba, amma tambayar da ke ƙarƙashin kasuwar ita ce wadda ke ƙarƙashin kowane rikicin suna: wurin nan na wane ne, kuma wa ake jin maganarsa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Don haka shawararmu ga 'yan unguwa guda uku ce. Mu kira maƙwabtanmu da sunan da suka zaɓar wa kansu, a kasuwa, a makaranta da cikin gidajenmu inda yara suke ji. Ba ya rage mana ko sisi, kuma addini ya hana jifan juna da laƙabin da mai shi ba ya so. Sannan idan maganar sa wa layi, kasuwa, masallaci ko sabuwar unguwa suna ta taso, kada mu yi gaban kanmu, mu zauna da masu sarautar gari da dattawan da muka tarar, domin sunan da aka sa da shawara shi yake daɗewa. Na ƙarshe, mu rubuta tarihin zuwanmu nan tun dattawanmu suna raye: wa ya fara sauka, daga ina, wa ya ba shi masauki, da wace yarjejeniya. Ranar da gardama ta tashi, Allah Ya kiyaye, wannan zai yi mana amfani fiye da allon da muka kafa a bakin hanya, kamar yadda muka gani a shari'ar Bakasi.

Dattijon nan direba, da muka gama hira ranar, mun tambaye shi ko a shekarun da ya yi yana sauke kaya a Fatakwal ya taɓa jin wani ya ce Mashigin Boni. Ya ce shi dai masunta da 'yan kwale-kwalen da ya sani, ruwa kawai suke cewa, kowa da yarensa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu zaman amana da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka share mana wannan wuri. Amin.